Yadda Na Zaɓa wa Mahaifina Na'urar Kunna Bidiyo, da Yadda Nake Sarrafa Ta Daga Nesa

Mahaifina yana da wani rumbun ajiya na waje wanda muka shafe shekaru muna tara masa abubuwan kallo a ciki: bidiyoyin jikokinsa da ake turowa ta wayar hannu, da shirye-shiryen tarihi da na namun daji, da wasu tsofaffin kaset-kaset na iyali waɗanda muka mayar da su fayil tun kafin na'urar kunna kaset ta daina aiki. Talabijin ɗinsa yana da kafar USB, amma idan aka jona rumbun, wasu fayilolin sukan fito da hoto babu murya, wasu da murya babu hoto, wasu kuma ba sa buɗewa sam. Ƙari a kan haka, ganin mahaifina ya yi rauni, ni kuma ba gari ɗaya muke zaune ba, saboda haka duk lokacin da wani abu ya cije sai ya haƙura da kallon har ranar da na kai masa ziyara. Wannan ne ya sa na ƙudiri aniyar samo masa ƙaramar na'urar da ake jonawa da talabijin domin kunna bidiyo, wadda zai iya sarrafawa da kansa, ni ma in iya taimaka masa da ita ko ba na kusa.

Na'urar da na fara kaiwa gidan irin ƙananan akwatunan nan ce masu manhajar Android waɗanda ba a san takamaiman kamfanin da ya ƙera su ba, kuma abin da ya ja hankalina shi ne manyan lambobin da aka rubuta a jikin kwalinta game da girman ƙwaƙwalwa da kaifin hoto. Ta kunna yawancin fayilolin da talabijin ya kasa kunnawa, wannan kam gaskiya ne, amma tun daren farko na gane cewa ba a nan gizo yake saƙar ba. Manhajar da ke cikinta ta wayar hannu ce aka shimfiɗa a kan babban allo, ba irin wadda aka tsara domin talabijin ba, don haka wurare da dama suna jiran a taɓa su da yatsa, kuma ba a isa gare su da maɓallan sama da ƙasa da hagu da dama. Domin rufe wannan giɓi, rimot ɗinta yana da wani maɓalli da ke fito da 'yar kibiya a kan allo, a riƙa tura ta a hankali har ta kai inda ake so. Na zauna ina kallon Baba yana neman wannan kibiya a kan allo ya kasa ganinta, ga rimot biyu a hannunsa, ɗaya na talabijin ɗaya na akwati, bai tabbatar da wanne ne yake ƙara murya ba. Da ya gaji sai ya ajiye su duka biyun a gefensa, ya ce mini in bar shi da labarai kawai, sun ishe shi. Maganar ta tsaya mini a rai, domin na san yana son ganin jikokinsa, wahalar isa gare su ce ta sa ya janye.

Akwai wani dalili na biyu da ya sa na cire wannan akwati daga gidan gaba ɗaya. A 2023 masu binciken tsaron kwamfuta sun bayyana cewa an samu wasu akwatunan Android marasa takardar amincewa ɗauke da muguwar manhaja tun daga masana'anta, wadda take amfani da intanet ɗin gida ba da sanin mai gida ba. Tun da niyyata ita ce in bar na'urar a kunne dare da rana, in kuma buɗe wa kaina hanyar shiga cikinta daga wani gari, ban ga dacewar in ɗora wannan nauyi a kan abin da ba ya samun sabuntawa kuma babu wanda za a tuhuma a kansa ba.

A karo na biyu sai na juya tsarin tambayar. Na fara da hannun Baba da idonsa, na rubuta abin da nake bukata kafin in kalli kowace na'ura: rimot ɗaya tak, wanda ya riga ya saba da shi; allon farko mai manyan rubutu da zaɓi kaɗan; da kuma hanyar da zan danna masa abu daga nesa ba tare da ya tashi daga inda yake zaune ba. Sai bayan wannan na koma ga batun ƙarfin na'ura.

Na duba na'urorin manyan kamfanoni da kyau, domin suna da abin da ba a raina shi. Apple TV, wanda ya fara fitowa a 2007, da Roku, da Fire TV na Amazon wanda ya fito a 2014, da Nvidia Shield na 2015, da na'urorin Google TV, dukkansu an tsara su ne domin a sarrafa su da maɓallai kaɗan daga kan kujera, kuma suna da amincewar kamfanonin da ke haska fina-finai ta intanet. Wannan amincewa tana da muhimmanci ga mai biyan kuɗin irin waɗannan hidimomi, domin akwai tsarin kare haƙƙin mallaka mai suna Widevine a na'urorin Android, wanda yake da matakai: na'urar da ke matakin L1 tana iya samun hoto mai kaifi, wadda ke matakin L3 kuwa akan rage mata kaifin hoton komai girman lambar da aka rubuta a kwalinta. Wanda Netflix ne babban abin kallonsa, ina ganin bai kamata ya tsallake irin waɗannan na'urori ba. Amma Baba ba ya kallon ko ɗaya daga cikinsu, kayan kallonsa suna cikin rumbunsa, kuma allon farko na yawancin waɗannan na'urori cike yake da hotunan shirye-shiryen da ake tallatawa, waɗanda za su zame masa shinge tsakaninsa da abin da yake nema.

Daga nan hankalina ya karkata ga Kodi, manhajar kunna bidiyo ta kyauta wadda ta samo asali daga na'urar wasa ta Xbox, aka daɗe ana kiranta XBMC kafin a sauya mata suna a 2014. Ana iya saka ta a kan na'urori da yawa, amma ni na zaɓi ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi 4, wadda ta fito a 2019, na ɗora mata LibreELEC, wani ɗan ƙaramin tsarin Linux da ba shi da wani aiki sai tayar da Kodi da zarar an kunna wuta. Na tsaya a kan ta huɗu duk da cewa ta biyar ta fito tun 2023, saboda dalili ɗaya da ya shafi fayilolinmu. Bidiyo ana matse shi ne da wasu tsare-tsare domin ya rage girma, kuma mafi yawan namu an matse su da H.264, 'yan kaɗan sababbi kuma da H.265. Ta huɗun tana da sashe na musamman a jikinta da ke warware duka biyun ba tare da ta wahalar da babbar ƙwaƙwalwarta ba, alhali ta biyar H.265 kaɗai take warwarewa ta wannan hanya, tana barin H.264 ga ƙarfin ƙwaƙwalwarta, wanda ya ishe ta amma ba shi nake bukata ba. Sauran aikin haɗawa bai ɗauki lokaci ba: na rubuta LibreELEC a kan katin memori daga kwamfutata, na saka na'urar a cikin gidan ƙarfe mai shanye zafi ba tare da fanka ba, na samo mata cajar da ke ba da bolt 5 da amfiya 3 kamar yadda ake bukata, na jona rumbun, na kuma haɗa ta da na'urar rarraba intanet ta kebul maimakon Wi-Fi.

Batun rimot ne ya fi cin lokacina, kuma shi ne na fi koyon abu a kansa. Rimot ɗin talabijin na gargajiya yana aiki ne da hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani, ko da yake kyamarar wayoyi da yawa tana nuna shi yana ƙyaftawa idan aka danna maɓalli a gabanta, kuma da wannan dabarar nake gane ko batir ya mutu. Irin wannan rimot yana bukatar a nuna shi kai tsaye ga na'urar, babu abin da ya tare tsakani. Akwai masu aiki da Bluetooth, akwai kuma masu ɗan ƙaramin makarɓi da ake sokawa a kafar USB, waɗanda ba ruwansu da inda aka nuna su, har ana iya ɓoye akwatin a bayan talabijin. Kowannensu yana da amfaninsa, amma dukkansu suna nufin rimot na biyu a hannun Baba, abin da na riga na ga illarsa.

Mafitar tana cikin kebul ɗin HDMI kansa. A cikin ƙananan ƙafafu 19 da ke babban bakin wannan kebul, wanda ake sokawa a talabijin, ta 13 an keɓe ta ne ga wani tsari mai suna CEC, wanda ke bai wa na'urorin da aka jona damar aika wa juna umarni. Ma'ana, idan Baba ya danna maɓallin ƙasa a rimot ɗin talabijin, talabijin yana karɓar umarnin ya miƙa shi ta cikin kebul zuwa ga akwatin, sai Kodi ya motsa. Abin da ke rikita mutane shi ne kowane kamfani ya raɗa wa tsarin sunansa: Samsung na kiransa Anynet+, LG na kiransa SimpLink, Sony na kiransa Bravia Sync, Panasonic na kiransa Viera Link, Philips kuma EasyLink, sannan a talabijin da yawa yakan zo a kashe sai an shiga saituna an kunna shi. Na nemo shi a namu na kunna, na sake tayar da akwatin, amma babu abin da ya motsa. Hoto yana fita tangaran, murya ma haka, rimot kuwa kamar ba a danna shi ba. Na shafe kusan awa biyu ina bin saitunan Kodi da na talabijin ɗaya bayan ɗaya, na sauya kafar HDMI a bayan talabijin, na cire komai daga wuta na mayar, duk a banza. Raspberry Pi 4 tana da ƙananan kafofin HDMI guda biyu, kuma na yi amfani da wani ɗan mahaɗi da na tsinta a cikin tarkacen wayoyina domin ya haɗa ƙaramar kafar da tsohon kebul. Da na cire su duka na kawo sabon kebul guda ɗaya mai ƙaramin baki a gefe ɗaya da babba a ɗaya gefen, na soka shi a kafar da ke kusa da ta wuta, wadda ita ce ta farko, sai ga saƙo a kusurwar allo yana nuna an haɗu da talabijin, maɓallai kuma suka fara aiki nan take. Hoto da murya suna bin wasu layukan ne daban, shi ya sa kebul ko mahaɗi zai iya nuna hoto lafiya lau alhali layin umarnin a yanke yake. Duk wanda CEC ya ƙi yi masa aiki, shawarata ita ce ya fara gwada wani kebul kafin ya taɓa saituna.

Da rimot ya zama ɗaya, sai na koma kan abin da Baba zai gani. Fuskar da Kodi ke zuwa da ita, mai suna Estuary, tana ba da damar ɓoye sassan babban jeri, don haka na cire kiɗa da wasanni da yanayi da duk sauran, na bar bidiyo da hotuna da zaɓaɓɓu kawai, wato jerin abubuwan da aka ware domin a isa gare su da sauri. Na sake raɗa wa manyan jakunkunan rumbun gajerun sunaye da ya san su, na ƙara girman rubutun fassarar da ke fita a ƙasan allo. Akwai kuma wani saiti da na kusa tsallakewa, wanda ke sa talabijin ya daidaita saurin sabunta allonsa da na bidiyon da ake kunnawa. Fina-finai galibi suna tafiya da hotuna 24 a daƙiƙa, tsofaffin kaset ɗinmu 25, bidiyon waya kuma 30, kuma idan allo ya tsaya a kan 60 ga kowa da kowa, waɗanda lissafinsu bai dace da shi ba sukan riƙa 'yar sarƙewa idan kyamara tana juyawa. Bayan na kunna saitin, tsofaffin bidiyoyin iyali suka daina wannan sarƙewa, Baba ma da kansa ya ce yanzu kallon ba ya gajiyar da idonsa kamar da.

Saura nawa ɓangaren, wato sarrafawa daga wayata. A cikin saitunan hidimomi na Kodi akwai wurin da ake ba da izinin sarrafa shi ta hanyar HTTP, wato tsarin da ake buɗe shafukan intanet da shi, wanda a Kodi yake amfani da ƙofa mai lamba 8080, kuma a nan ake saka sunan mai amfani da kalmar sirri. Na kunna shi, na zaɓi doguwar kalmar sirri, na saukar da Kore a wayata, wadda ita ce manhajar rimot ta Kodi a Android. Muddin ina cikin gidan, wayata da akwatin suna kan hanyar sadarwa ɗaya, manhajar da kanta ta gano akwatin. Amfaninta ya wuce na maɓallai, domin tana nuna mini jerin fayiloli a tafin hannuna, in zaɓi wanda nake so ya fara a talabijin, in ga minti nawa ya ci, in tsayar ko in matsar da shi gaba, kuma idan ana bukatar rubutu sai in rubuta da allon wayar maimakon bin haruffa ɗaya bayan ɗaya da rimot. Kafin in tashi daga wurin na shiga na'urar rarraba intanet na keɓe wa akwatin adireshi guda wanda ba zai sauya ba, domin a bisa al'ada ita ke raba adireshi ga na'urorin gida, kuma tana iya bai wa akwatin wani daban bayan an ɗauke wuta an dawo da ita.

Yin hakan daga wani gari lamari ne daban, kuma a nan ne mutum zai iya yin kuskure mai tsada. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe ƙofar 8080 ga intanet gaba ɗaya, a riƙa shiga daga ko'ina, kuma na ƙi bin wannan hanya, domin abin da ke bi ta wannan ƙofa ba a ɓoye yake ba, sannan akwai na'urori da ke yawo a intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa irin waɗannan ƙofofi. Abin da na yi shi ne amfani da VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai ɓoye bayanai wadda ke sa wayata ta zama tamkar tana cikin gidan ko ina nesa. Na'urar rarraba intanet ɗin gidan tana da WireGuard, wata manhajar VPN, a cikinta, don haka na ƙirƙiri mabuɗi ɗaya domin wayata kaɗai, na kuma yi rajistar wani suna da ke bin adireshin gidan na waje duk lokacin da kamfanin intanet ya sauya shi. Na gwada tun ina cikin falon, ta hanyar kashe Wi-Fi ɗin wayata in koma kan data. Hanyar ta haɗu, amma Kore bai ga akwatin da kansa ba, domin sanarwar da na'urori ke yi wa juna a cikin gida ba ta ratsa irin wannan hanya. Da na rubuta masa adireshin nan da na keɓe, da lambar ƙofa da kalmar sirri, sai ya haɗu, na danna tsayarwa, hoton ya tsaya cak a gabanmu.

Mako guda bayan na koma, Baba ya kira ni ya ce allon ya yi baƙi, babu komai. Na buɗe hanyar, na tarar akwatin ba ya amsawa ko kaɗan. Sai da na yi tunani sannan na tuna cewa ni da hannuna na zaɓi, a cikin saitunan CEC, cewa akwatin ya kashe kansa duk lokacin da aka kashe talabijin, da nufin rage cin wuta. Raspberry Pi 4 ba ta da maɓallin kunnawa, kuma idan ta mutu gaba ɗaya babu umarnin da zai tashe ta daga nesa sai an cire wutarta an mayar. Na ce masa, "Baba, ku yi haƙuri, ku zare farar cajar nan da ke bango, ku ƙirga goma, sannan ku mayar da ita." Ya yi hakan, akwatin ya tashi. A ziyarata ta gaba na sauya saitin zuwa kada ya kula da kashewar talabijin, tun da wutar da yake ci idan ba ya aiki 'yan wat kaɗan ce, kuma idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita yana tashi da kansa. Na kuma kunna wani zaɓin da ke sa ya tashi talabijin ya juya shi zuwa kafarsa da zarar an taɓa shi, wanda ya kawar da matsalar da ta fi yawan faruwa, wato Baba ya danna maɓallin sauya kafa bisa kuskure ya tsinci kansa a allon da babu komai.

Wannan zaɓi na ƙarshe ya ba ni ikon da sai da na tsaya na yi tunani a kansa, domin yana nufin daga inda nake zan iya kunna talabijin a ɗakin mahaifina in saka abin da na ga dama, in kuma ga abin da yake kallo. Ɗakinsa ne, kuma ban ga ya dace allo ya haskaka a gabansa ba tare da ya nema ba. Na faɗa masa dalla-dalla abin da nake iya gani da abin da nake iya yi, muka kuma tsayar cewa ba zan taɓa abin da ke kan allonsa ta wannan hanya ba sai muna magana a waya, shi ne zai ce in saka ko in bari. Ya amince, ya ƙara da cewa shi ma yana so ya riƙa gwadawa da kansa tukuna kafin ya kira.

Haka kuwa ake yi. Yawancin ranaku ba ya kirana a kan talabijin ko kaɗan, yana shiga zaɓaɓɓu da maɓallai biyar ɗin da ya sani ya kunna abinsa. Idan 'yar'uwata ta turo sabon bidiyon yara, nakan tura shi cikin rumbun ta wannan keɓaɓɓiyar hanya da dare, lokacin da ba a amfani da intanet ɗin gidan, domin LibreELEC yana buɗe jakunkunansa ga kwamfutocin da ke kan hanyar sadarwa ɗaya da shi. Washegari sai in kira shi bayan mun gaisa in ce, "Baba, akwai sabon bidiyo, in saka muku ko za ku nemo da kanku?" A makon jiya ya ce in dakata, na ji ƙarar maɓallai ta cikin waya, can sai na ji muryar ƙaramar jikarsa tana fitowa daga talabijin, ya ce mini ya same shi, in kira shi idan ya gama kallo.